Ruwan da Na Sha a Gaban Surukina

Allah da ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa bayan an gama yankan hatsi, wata Talata da hantsi. Daga gare shi muka fito, can za mu koma, surukina ya dai riga mu ne.

Da muka dawo daga kai shi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin itacen bedin da ya dasa da hannunsa. Mutane suka yi ta sauka daga motocin kasuwa da kabu-kabu, wasu daga Sanam, wasu daga Abala, wasu daga Damana, duk inda aiki ya taɓa kai shi kafin a dawo da shi garinmu kusa da Filinge. Wata tsohuwa da ba mu sani ba ta tsaya a bakin zaure tana kuka, ta kwance haɓar zanenta ta nuna wa mata wani kwalin magani da ya yi laushi don tsufa, da zanen rana da wata a bayansa. Ta ce tun da ya bar garinsu ba wanda ya sake zana mata, sai dai a miƙo mata a ce ta je ta sha. Wani Bafulatani mai shanu ya zo da ƙafa, ya jingine sandarsa, ya yi gaisuwa, ya ce mutumin nan ya taɓa tsare shi a tagar ɗakin magani har rana ta take, sai da ya iya faɗin yadda zai ba ɗansa magani. Ya ce a ranar ya ji haushi ƙwarai, amma ga shi yau ɗan ne ya bar wa shanun ya taho.

Sai wani dattijo, abokin marigayin tun ƙuruciya, ya ce a dai faɗi gaskiya, mutumin ya cika tambaya. Ka je biɗar kinin na ciwon kai, sai ya tambaye ka abin da ka ci jiya da abin da ya kashe kakanka. Aka yi dariya a kan tabarmar makoki, har liman ya rufe baki da bakin rawani, sannan aka shafa fatiha.

Ni kuwa ina ta hidima. Mijin 'yarsa ne ni, kuma aikin suruki a gidan makoki shi ne ɗauko tabarma da cika butoci. Amma abin da nake da shi game da Baba ya fi na duk waɗanda suka yi magana nauyi, kuma ba irin wanda ake faɗi a kan tabarma ba ne. Karatuna a firamare ya tsaya, ba ni da gwanintar rubutu. Zan rubuta yadda na iya, don jikokinsa su san irin mutumin da ya haifi uwarsu, ko da a cikin labarin ubansu bai fito da kyau ba.

Shi ba likita ba ne, kuma ba ya yarda a kira shi haka. In wani ya ce masa lokotoro, yadda maƙwabtanmu Zabarmawa ke faɗi, sai ya nuna ɗakin majo, wato babban ma'aikacin da ke duba marasa lafiya, ya ce can ake rubutawa, nan ake bayarwa. Ya koyi aikin farmasi a Yamai yana saurayi, kuma har ya yi furfura yana riƙe da ɗakin magani na gidan likita. Ɗan ɗaki ne mai taga guda da ƙarfuna. A bayan tagar yake tsayawa cikin farar rigar aiki, tabarau a ƙarshen hanci. Takardar da majo ya rubuta sau biyu yake karanta ta, ko da shi ya ga lokacin da aka rubuta. Kowane kwali sai ya juya shi a haske ya duba ko bai lalace ba. In ya miƙa maka magani ba ya sakin ɗaya gefen kwalin, ku biyu kuna riƙe, ya yi maka bayani, sannan ya ce, "To, maida mini abin da na ce." In ka yi kuskure ya sake daga farko, mutane na layi a bayanka suna tsaki. Ba ya ce maka ƙarfe kaza. Da salla yake ɗaure magani, wannan bayan asuba, wannan bayan azahar, wannan bayan lisha, don ya ce mutumin ƙasarmu ta Kurfai zai manta da agogo amma ba ya manta da kiran salla. Wanda bai iya karatu ba kuwa, sai ya zana masa rana tana fitowa, rana a tsaka, da wata.

Ranar kasuwa in ya wuce masu tallar magani a faranti, ba ya faɗa da kowa. Sai dai ya ɗauki fakiti ɗaya da ya daɗe a rana, ya juya, ya ajiye, ya ce wa mai saye, wannan ai rana ta riga ka shanye shi. Masu farantin in sun hango shi sai su ja buhu su rufe.

Kuma mutum ne mai sanin kunya, kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka bai san ta ba. Matan ƙasarmu ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa ma nuna sun damu da shi a gaban mutane. Sai mace ta zo taga neman maganin tsutsar ciki, ya tambaya na wa ne, ta sunkuya ta ce wani ne ba ya jin daɗi. Shi kuwa ba zai bayar ba sai ya san babba ne ko yaro. Bai taɓa tilasta wa mace ta faɗa ba. Cewa yake ta tsaya jikin ƙofa ta nuna masa da hannu inda kan wanin yake kaiwa. Ta nuna, ya gane, ya auna, sannan ya ce gobe a kawo wa majo wanin ya gan shi.

A taga ba ya dariya. A gida kuwa ƙaramar ɗiyata ce ke juya shi, yana kiranta amaryarsa, yana kai ƙararta wurin kakarta cewa ba ta dama masa hura ba, ita kuma tana ce masa ta sake shi don ba ya da haƙora.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce mai kauri, don 'yar farinsa nake aure. Ba ya faɗin sunanta, ba ya faɗin nawa. In ya zama dole ya ambace ta sai ya ce mutanen gidanka. In na hango shi a hanya zan tuɓe takalma in durƙusa, shi kuma ya amsa yana duban wani gefen. Ci ko sha a gabansa kuwa, ko a mafarki. Ranar sunan ɗana na biyu ya shigo zaure ba zato, ni kuwa na jefa tsokar nama a baki ke nan. Haka na riƙe ta a kumatu har aka gama addu'a ya fita, miyau na neman shaƙe ni, abokaina na dafe ciki.

Shekarar da abin ya faru na dawo daga wurin haƙar zinariya a arewa, da ɗan abin da na samo da kuma tari. Na rame, kullum in tashi rigata jiƙe da gumi, daga baya na fara ganin jini a kakina. Na ɓoye. Na sha na faranti, na sha saiwoyi, na ce ƙurar rami ce za ta fita. Uwar 'ya'yana ce ta matsa, har ta ce in ban je ba ita za ta je ta faɗa. Majo ya karɓi kakina ya aika Filinge, aka dawo da amsa cewa tarin fuka ne, wanda tsofaffi ke kira babban tari suna rage murya.

Majo sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki. Ya zaunar da ni ya ce ana warkewa sarai, maganin kyauta ne, amma wata shida ake sha ba fashi, kuma watanni biyu na farko ba a ba mutum ya tafi da shi gida. Kowace safiya, kafin ka sa komai a ciki, za ka zo ka haɗiye shi da ruwa a gaban mai ɗakin magani, yana kallonka. Yana cikin faɗi sai ya tsaya, ya dube ni, ya tuna wane ne mai ɗakin magani, ya kife kai a tebur yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Na aika Inna, surukata, ta roƙi Baba ya riƙa ba ni na mako in sha a gida. Ya ce mata a'a. Ta ce masa yaron nan fa mijin ɗiyarka ne. Ya ce shi ya sa. Daga ƙarshe majo ya shiga tsakani, aka shirya Baba zai riƙa ƙirga ƙwayoyin ya miƙa wa majo, ni in sha a ɗakin majo. Haka muka yi makonni, tarin ya lafa, na fara jin daɗin tuwo.

Sai aka tura majo ƙauyuka aikin allurar rigakafi. Ranar da ya tafi na je har bakin gidan likita, na hango Baba a taga ya ajiye kofi da ruwa yana jira, na juya na koma gida. Washegari ban ma fita ba. Na gaya wa kaina kunya ce, kuma kunyar tana nan da gaske. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, rabin dalilin ke nan. Maganin yana tayar mini da zuciya, ya mai da fitsarina ja kamar zoɓo, kuma na gaji da idon mutanen da ke ganina kullum da safe a hanyar likita suna gane abin da ke damuna. Na ji sauƙi, na ce na warke. Kunyar Baba ta zama mini rumfar da na fake a ciki.

Ana nan wata safiya sai na ji sallama a ƙofar gidana, muryar da ban taɓa jin ta a nan ba sai ranar suna. Ya zo a kan kekensa, sanye da farar rigar aiki, da gorar ruwa ɗaure a baya. Uban mace ba ya taka gidan mijin 'yar farinsa haka kawai, don haka kafin in fito maƙwabta sun riga sun leƙo suna tambayar wa ya mutu. Uwar 'ya'yana ta ruga bayan zana.

Na tuɓe takalma na durƙusa. Bai amsa gaisuwar ba. Ya zuba ruwa a kofi, ya buɗe tafin hannunsa da ƙwayoyin, ya miƙo. Na ce ya yi mini gafara, ya ajiye, in ya tafi zan sha. Ya ce ba ya ajiyewa. Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi a taga, cewa tarin nan bai mutu ba, kwanciya ya yi, kuma in ya tashi bayan an yanke masa magani, wannan maganin ba zai ƙara jin sa ba, sai a kai ni Yamai a tsare ni wata da watanni, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Sai shaiɗan ya hau kaina, ga maƙwabta na kallo. Na ɗaga murya ga mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ce, "Baba, in mutuwa ce ka bar ni in mutu da mutuncina."

Sai ya ce, "Kai kaɗai ke numfashi cikin ɗakin ga?"

Bai ambaci sunanta ba, bai ko dubi zanar ba, amma na ji kukanta ya fito daga baya. Duk da haka ban karɓa ba. Allah ya yafe mini, na bar dattijo tsaye da hannu a miƙe har ya gaji, ya zuba ruwan a gindin bango, ya hau kekensa ya tafi. Ranar ko tuwo ba a tuƙa a gidana ba.

Washegari da sassafe ya dawo. Wannan karon bai tsaya a tsaye ba. Ya nemi tabarma, ya zauna a ƙasa daidai da ni, gwiwa da gwiwa, abin da bai taɓa yi ba. Ya laluba aljihu ya fiddo ƙwayar maganin hawan jininsa, ya nuna mini, ya jefa a baki, ya ɗaga kofin ya sha a gabana, har ina ganin maƙogwaronsa yana motsi. Ya goge baki, ya sake zuba ruwa a kofin, ya miƙo mini da nawa ƙwayoyin.

Ya ce, "Ni na fara. In abin kunya ne, nawa ne, ni ne babba. Wanda zai faɗa a gari ya faɗa da sunana."

Na karɓa. Ruwan nan bai fi rabin kofi ba, amma ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar wucewa kamarsa ba. Da na gama na sunkuyar da kai ina jiran ya ce wani abu mai sanyaya zuciya. Sai ya gyara tabarau ya ce in buɗe baki in ɗaga harshe ya gani.

An kuwa faɗa a gari. Kafin azahar labarin ya kai bakin rijiya, kafin la'asar ya kai majalisar dattawa. Wansa ya kira shi ya ce ya zubar da girman gidansu, yaushe aka taɓa ganin suruki da suruki suna musayar kofi kamar 'yan tasha. Inna ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba sai ta bakin yara. Abokin nan nasa mai cewa ya cika tambaya ya riƙa tsokanarsa a ƙofar masallaci, yana tambaya ko gobe akushi ɗaya za mu ci. Baba bai yi gardama da kowa ba. Abin da na ji ya gaya wa wansa kawai shi ne, gara a yi masa dariya wata shida da a zo masa gaisuwa.

Daga ranar ni na riƙa zuwa taga da ƙafata. Ya sayo kofi na biyu, nasa daban nawa daban, kuma ya mai da lokacin shan maganinsa ya dace da nawa. Shi daga ciki, ni daga waje, mu haɗiye tare, sannan in buɗe baki. Da majo ya dawo ya tarar da mu haka, sai ya tsaya a bakin ƙofarsa yana tambayar ko an fara walimar ba a kira shi ba. Baba ya sa aka duba mutanen gidana duka, aka ba ƙaramar ɗiyata maganin kariya, shi da kansa ya zana wa uwarta rana a jikin kwalin ya aika da shi ta hannun Inna. Ko da watanni biyun suka cika, aka ce yanzu ana iya ba ni in tafi da shi gida, ya dube ni ta saman tabarau ya ce wasu ake ba, ban da ni. Ban ji haushi ba, na san abin da na yi.

Cikin watannin nan na san shi yadda ban san ubana ba. Kafin layi ya taru mukan yi 'yar hira ta taga, kan damina, kan farashin wake, kan garuruwan da ya zauna. Na daina tuɓe takalma, don ba a durƙusawa a sha magani ta taga. Har na fara duban fuskarsa in yana magana. Wata rana ma na ba shi labarin naman sunan, ya yi dariya har ya cire tabarau, masu jiran layi suna mamaki.

Da wata shida suka cika aka sake aika kakina Filinge. Amsar ta zo, majo ya miƙa masa takardar, ya karanta sau biyu. Ya ce na warke, in je in gode wa Allah, kuma kada ya sake jin na shiga ramin zinariya. Ya ɗauke kofina daga taga ya ba mai shara ya wanke ya ajiye wa wani.

Washegari ƙafata ta kai ni gidan likita da kanta, ba don magani ba, don in gaishe shi mu ɗan taɓa hira yadda muka saba. Na tarar da shi a waje yana jingine kekensa. Na nufe shi kai tsaye ina murmushi, na ce Baba an tashi lafiya. Bai amsa ba. Ya sauke ido kan ƙafafuna, ya bar shi a nan. Na tsaya ban gane ba, sannan na gane. Na ja baya, na tuɓe takalma, na durƙusa. Sai ya juya fuska gefe ya amsa, ya tambayi mutanen gidana, ya shige ɗakin maganinsa.

Na koma gida raina a ɓace, ina ganin ya kore ni. Na daɗe kafin in fahimci ba kora ba ce. Aro ya ɗauka daga kunyar da ke tsakaninmu, gwargwadon abin da ciwon ya buƙata, da buƙatar ta ƙare ya mayar da ita cif, don in ci gaba da zama surukinsa ba majinyacinsa ba. Daga ranar har ya bar duniya ban sake shan ruwa a gabansa ba, shi ma bai sake sha a gabana ba.

A ciwonsa na ƙarshe na shiga gaishe shi, ya rame, magana ma da ƙyar. Na tarar uwar 'ya'yana ta tallabe kansa tana ba shi kunu da cokali. Yana ganina ya rufe baki, ya ɗaga yatsa ya tsayar da ita. Ta ce, Baba ka sha mana, ai shi ne. Ya ƙi. Na yi gaisuwata a taƙaice na fita da sauri don kada kunun ya huce, na tsaya bayan ƙofa har na ji ƙarar cokali a kwano.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Yadda ya shayar da ni ina ƙi, Allah ya shayar da shi daga tafkin Annabi. Mu kuma da muke numfashi a bayansa, ya sa mu cika da imani.